Tarihin Unguwa Yana Hannun Wa? Fashin Baƙi Kan Ɗakunan Karatu na Jami'a da Lungunan Birnin Kano

Duk wanda ya taso a cikin ganuwar Kano ya san ba a banza ake raɗa wa unguwa suna ba. Agadasawa tana gaya maka daga inda mutanenta suka taso tun kafin ka yi tambaya. Haka Tudun Nufawa, haka Zangon Barebari. Ayagi mazaunin fataken Yarabawa ce tun kafin zuwan Bature. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan arewacin Afirka ne da suka ratso Sahara da hajarsu, domin su aka fara kira Turawa a ƙasar Hausa. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin baƙi aka aro ta. Sharifai tana komawa ga zuriyar Shehu Maghili, wanda ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, Kabara kuma ta ɗauko sunanta daga wani gari na bakin kogi kusa da Tumbuktu. Mutum zai iya tashi daga Dala ya gangaro Kurmi da ƙafa, kafin ya isa ya ratsa rabin Afirka ta Yamma a cikin sunaye kawai.

To amma a ce yau wani saurayi ɗan Agadasawa yana son ya san wace shekara kakanninsa suka sauka, wane gida ne ya fara kafuwa, wa ya gina masallacin da yake salla a ciki, ina zai nufa? Nan ne maganar take da wuya.

Rubutaccen tarihin Kano da aka fi sani, wanda aka tsara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19 kuma wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, jerin sarakuna ne, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello. Aiki ne mai daraja ƙwarai, ba don shi ba da ba mu san zuwan Wangarawa a zamanin Yaji ba, ko kafa kasuwar Kurmi a zamanin Rumfa. Sai dai idon mai rubutun yana kan fada. Unguwa ba ta shiga labari sai in ta gifta gaban sarki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya rubuta sunayen unguwanni da dama, har ya zana taswirar birnin, amma baƙo ne mai wucewa. Bayan Turawan mulki sun ci Kano a 1903 sai rubutu ya yawaita, ga rahotannin haraji, ga ƙidayar magidanta, ga takardun En'e, waɗanda da yawansu suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Su ma daga sama suke leƙen unguwa. Abin da ya dame su shi ne mutum nawa za su biya haraji a Fuskar Gabas ko Fuskar Yamma, ba yadda mutanen suka zauna da juna ba.

Tarihin unguwa wani abu ne dabam. Shi ne labarin gidan da ke saukar da fataken goro in sun dawo daga Gwanja, da yadda ɗan wannan gidan ya yi aure a zangon Kumasi har zuriya ta rabu gida biyu. Shi ne wa ya gaji limanci daga wa, wace rijiya ce ba ta ƙafewa da bazara, karofi nawa ne a marina kafin yadin kanti ya karya kasuwar baba, wane zaure ne ake karatun Risala bayan Asuba da wane ne ake Ishiriniya da daddare. Mafi yawan wannan ba a kan takarda yake ba, yana bakin tsofaffi. Ɗan abin da aka rubuta kuma yana warwatse: a gafakar malami, inda za ka ga an rubuta ranar haihuwar wani ko shekarar wata yunwa a gefen littafin fiƙihu, a takardun rabon gado da na cinikin gida da alƙali ya sa wa hannu, a littafin bashi na ɗan kasuwa, a hotunan biki da ke ƙasan adakar wata tsohuwa.

Kuma duk waɗannan suna tafiya a gaban idonmu. Mai gida ya rasu, a raba gado, babu wanda zai iya fansar rabon 'yan'uwansa, sai a sayar da gidan. Wanda ya saya ya rushe ginin ƙasa ya tayar da shaguna. Magada su watsu, wani Rijiyar Zaki, wani Hotoro, wani Sharaɗa, wani ma Abuja. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda kowannensu yake da suna da labari, ana ta cike su ana gini a kai. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ta zaizaye a wurare da yawa, Ƙofar Na'isa ma an rushe tsohuwar a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. In ƙofar gari da kowa ya sani za ta iya tafiya haka, ina ga zauren wani malami a ƙuryar lungu? A unguwarmu an yi wani dattijo mai ajiye takardu, duk abin da ya faru sai ya rubuta da ajami. Bayan rasuwarsa aka kai buhunan takardun wani ɗaki da ke yoyo, da niyyar za a duba in an samu sarari. Damina biyu kawai aka yi. Da aka buɗe, gara da ruwa sun gama rabon. Babu wanda ya yi da mugunta, kawai ba a san inda za a kai su ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu, domin ni ma ina cikin waɗanda suka ce a bari sai an samu sarari.

Me ya sa nake ganin ɗakin karatu na jami'a ne ya dace da wannan ajiya, alhali ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, ga ma'ajiyar Kaduna? Kowanne da aikinsa. Ma'ajiyar gwamnati ta fi mayar da hankali ga takardun gwamnati. Gidan tarihi ya fi karkata ga abin da za a nuna wa mai ziyara, takobi, sulke, tsohuwar ƙofa. Iyali kuwa, kamar yadda muka gani, rabon gado ne ke cin ajiyarsu. Jami'a tana da abin da sauran ba su da shi. Kowace shekara sababbin ɗalibai suna shigowa daga waɗannan unguwanni, kuma dole kowannensu ya yi bincike kafin ya fita. Tana da malaman tarihi da na Hausa da na Larabci da na taswira a harabar guda. Sannan ba ta tashi in gwamnati ta sauya.

Ba yau aka fara ba. A 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka shiga gari-gari ana tattara rubuce-rubucen hannu ana ɗaukar hotonsu. A 1970 aka buɗe Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Mutanen wancan zamani sun yi aikin da har yanzu ake cin moriyarsa. Hankalinsu dai ya fi tafiya ga manyan al'amura, littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, wasiƙun sarakuna, tarihin dauloli, kuma suna da hujja, domin a lokacin ana fama ne da masu cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Labarin unguwa ta gefe ya riƙa shigowa. Misali a tsakiyar shekarun 1970 wasu masu binciken tattalin arziki, ciki har da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun sa an ɗauki hirarraki da tsofaffi a Kano da kewayenta a kan fatauci da gandaye da bauta. Waɗanda aka yi hirar da su wasu sun ga zuwan Bature da idonsu. Duk sun riga mu gidan gaskiya, muryarsu a kaset ce kaɗai ta rage. A Kano kuma Jami'ar Bayero, wadda ta samu cikakken matsayin jami'a a 1977, ita ke riƙe da Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, inda aka mayar da shi cibiyar bincike. Wannan misali ne mai kyau na jami'a ta fito daga harabarta ta zauna a cikin unguwa.

Amma taskar da ni na fi ganin an yi wa riƙon sakainar kashi ita ce kundayen ɗalibai. Shekara da shekaru ɗaliban sashen tarihi da na Hausa, a jami'o'i da kwalejojin ilimi, suna rubuta kundin kammala karatu a kan unguwarsu ko sana'ar gidansu: tarihin unguwa kaza, rini a wuri kaza, dukanci, ƙira, rayuwar malam wane. Ɗalibin ya je ya durƙusa gaban kakansa da mai unguwa da liman, sun ba shi abin da ba za su ba baƙo ba, ya rubuta sunayensu da shekarunsu a ƙarshen kundin. Gaskiya ne wasu kundayen ba su da ƙarfi, akwai kwafe-kwafe, akwai yabon gida da ya wuce kima. Duk da haka a cikinsu akwai maganar mutanen da yanzu ba su da rai, wadda babu ita a ko'ina. Abin da ya saba faruwa shi ne a ba ɗalibi maki, a ɗaure kundin da baƙin bango, a jera shi a kanta bisa shekara da lambar ɗalibi. Wanda ya zo neman unguwarsa ba shi da hanyar da zai gano shi sai ya bi ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka ba da labarin kuwa ba su taɓa ganin abin da aka rubuta ba.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar aikin, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Tarawa ita ce mai sauƙi. Mai wuyar shi ne rajista, wato a ɗauki kowace takarda, kowane kaset, kowane hoto, a rubuta mene ne, wa ya yi shi, yaushe, a wace unguwa, da wane harshe, daga hannun wa aka karɓa. Takardar da ba a yi wa rajista ba, da ita da wadda ta ɓata duk ɗaya ne ga mai nema. Kuma tsarin rajistar da ɗakunan karatu suka gada an gina shi ne a kan fannoni, addini nan, tattalin arziki can, adabi can. Bai san unguwa ba. Sai ma'aikacin ɗakin karatu ya yi niyya ya ƙara sunan unguwa a matsayin mabuɗin nema. Nan ma akwai ƙaiƙayi. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos. Sabon Gari haka. Wuri ɗaya yana iya samun suna biyu, kamar Gwagwarwa da mutane da yawa suka fi sani da Birget. Bature ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji, malami ya rubuta da ajami, ɗan boko ya rubuta da ƙugiya ko babu. In ba a haɗa waɗannan a wuri guda ba, kwamfuta ma ba za ta taimaka ba. Aiki ne na haƙuri wanda ba a buɗe shi da biki, shi ya sa samun kuɗinsa ke wuya.

Akwai wani misali da ya kamata kowane Bakano ya sani. Malam Umaru Falke, wanda aka haifa a 1893 ya rasu a 1962, malami ne kuma ɗan kasuwa, Batijjane almajirin Shehu Ibrahim Inyass. Littattafansa da takardunsa, fiye da guda 3000, mafi yawa da Larabci wasu da ajamin Hausa, yau suna ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Ba kasafai ake samun ɗakin karatun malami ɗaya ya tsira a dunƙule haka ba: ga fiƙihu, ga sufanci, ga waƙoƙi, ga magunguna, ga abin da shi kansa ya wallafa. Wanda ya zauna da su zai ga me malamin Kano yake karantawa a farkon ƙarni na 20, da wa yake hulɗa, ina iliminsa ya fito. Wasu in suka ji wannan sai ransu ya ɓaci, su ce an kwashe mana kaya. Na fahimci ɓacin ran. Amma in za mu yi adalci, mu tambayi kanmu tsararrakin Malam Falke nawa ne a birnin nan, kuma ina littattafansu suke yanzu. Nasa sun tsira saboda wata jami'a ta karɓa, ta yi rajista, ta kiyaye su daga laima da gara. Inda gyara yake shi ne nisa. Jikan almajirinsa da ke cikin birni ba zai samu bizar zuwa ya duba ba. Ajiyar da mai ita ba zai iya kaiwa gare ta ba ta tsare takarda, ba ta tsare alaƙa ba. Abin nema a nan shi ne cikakken kwafi ya zauna a Kano inda mai keke zai iya zuwa ya karanta.

A can Amurkar akwai wani aiki da ke nuna abin da ɗakin karatu zai iya in ya jawo mutanen gari. A 2016 aka fara wani shiri a ɗakin karatu na Jami'ar Minnesota na bin tsofaffin takardun mallakar gidaje na birnin Minneapolis, ana neman sharaɗin da ake sakawa a da cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Kwamfuta ta tace takardun, amma mutanen gari ne 'yan sa kai suka zauna suka karanta ɗaya-ɗaya suka tabbatar. Aka samu dubbai, aka ɗora su a taswira, kowa ya ga dalilin da ya sa unguwa kaza ta zama ta farare zalla. Matsalarsu ba irin tamu ba ce, amma dabarar ta dace da mu sosai. A zaurukan Madabo da Kabara da sauransu akwai malaman da ke karanta tsohon rubutun hannu cikin sauƙin da mai digiri da yawa ba zai iya ba, sun san wane ne "Malam na Bakin Kasuwa" da aka ambata a gefen shafi ba tare da an faɗi sunansa ba. Jami'ar da ta ɗauke su abokan aiki, ta biya su, ta rubuta sunansu a aikin, za ta gama a shekara abin da zai ɗauke ta goma. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai maganar amana, wadda ita ce ke hana mutane da yawa buɗe adakarsu, kuma ba su yi laifi ba. Tarihin unguwa ba duka ne mai daɗin ji ba. Akwai gidajen da asalinsu ya haɗa da bauta, kuma har gobe ana duba wannan wajen neman aure. Akwai waɗanda kakanninsu suka tsaya ɓangaren Tukur ko na Yusufu a Basasar da ta ɓarke a 1893. Akwai abin da ya faru a 'Yan Awaki lokacin rikicin Maitatsine a Disambar 1980, wanda masu shaidarsa suna nan da rai. Tsohuwar takardar gida kuma tana iya tayar da shari'ar da ta kwanta shekara hamsin. Takardun malami suna ɗauke da laƙani da asirin da bai yarda kowa ya gani ba. Saboda haka ba daidai ba ne a zo da na'ura a ɗauki hoton komai a watsa a intanet da sunan ci gaba. Ɗakin karatu mai mutunci yana zama da iyali a yi yarjejeniya a rubuce, da Hausa, a karanta musu: wannan kowa ya gani, wannan sai mai bincike da izini, wannan a rufe sai bayan shekara kaza. Kuma a mafi yawan lokuta ba sai an karɓe asalin ba. A ɗauki hoto mai kyau, a kakkaɓe takardun, a sa su a akwatin da ya dace, a mayar wa masu su. Gida ɗaya da aka yi wa haka shi zai jawo goma. Gida ɗaya da aka ci amanarsa zai rufe ƙofar unguwa gaba ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa. In an ce tarihin Kano sai hankali ya tafi cikin ganuwa, alhali Fagge tsohuwar masaukin fatake ce, Sabon Gari kuma, da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa, ta haura shekara ɗari. Tarihinta yana cikin rajistar majami'u, da littattafan taron ƙungiyoyin Ibo da Yarabawa, da hotunan masu ɗaukar hoto na farko, da tunanin waɗanda suka ga rikicin 1953 da na 1966. Cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950 akwai Bello Ijumu, wanda ba Bahaushe ba ne. Ɗakin karatun da ya tsallake Sabon Gari ya ajiye rabin gari ne. Haka mata. Ɗalibi namiji iyakarsa zaure, abin da zai samo na maza ne. Wadda ta san wa ya auri wa, wace ungozoma ce ta yanke cibiyar rabin lungu, yadda adashi da saƙar hula da ƙuli-ƙuli suka riƙe gidaje lokacin da kasuwa ta mutu, tana cikin gida, kuma sai ɗaliba mace ce za ta zauna da ita a tabarma ɗaya.

Kada kuma a ɗauka da zarar abu ya shiga jami'a ya tsira. Ranar 18 ga Afrilun 2021 gobarar daji ta gangaro daga dutse ta cinye zauren karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka yi asarar wani babban ɓangare na tarin nazarin Afirka, a jami'ar da ba a raina ta wajen kuɗi ko ƙwarewa. Mu nan ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga laimar damina, ga gara, ga wutar lantarkin da ba ta tsayawa balle na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki. Kaset shi ya fi gaggawa, domin zaren yana lalacewa da kansa, rediyon da zai juya shi ma ya zama sai an tona. Mayar da abu cikin kwamfuta ba ƙarshen magana ba ne, faifai yana mutuwa, wanda ya san kalmar sirri yana yin ritaya. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi ya zama fiye da ɗaya kuma a wurare dabam-dabam, ɗaya a Kano, ɗaya a Zariya ko Kaduna, ɗaya a wata ƙasa.

Da za a tambaye ni inda za a fara ba tare da jiran tallafin waje ba, zan ce a fara da kundayen da ke kan kanta. A zaunar da ɗalibai kaɗan su bi su, su fitar da duk wanda ya shafi wata unguwa, a jera da sunan unguwar. Sannan a buga kwafi a kai wa mai unguwa, a ajiye ɗaya a makarantar firamare ko Islamiyyar wurin, wanda aka rubuta da Ingilishi a taƙaita shi da Hausa. A sa rana bayan La'asar a karanta a ƙofar gidan mai unguwa, dattawa suna zaune. Za su yi gardama, wani zai ce ba haka aka yi ba, kakan wane ne ya fara zuwa ba kakan wane ba, wata tsohuwa za ta aiko daga cikin gida a gyara sunan rijiya. A bar na'urar ɗaukar murya a kunne, a rubuta ranar da sunan kowa, a koma da ita ɗakin karatu a ajiye kusa da kundin.